Hoton ƙasa guda ɗaya ba ya zama shaida sai an koma an sake ɗauka

Da zarar an tayar da zancen gurgusowar hamada ko janyewar Tafkin Chadi, hoton da ake liƙawa kusan ɗaya ne: ƙasa ta tsattsage, kwalekwale a yashe kan busasshiyar laka, ga ƙasusuwan saniya a gefe. Hoton yana tayar da hankali, amma bai gaya mana watan da aka ɗauke shi ba, balle yadda wurin yake bara. Fadamar da ta dare a watan Afrilu tana iya cika da shinkafa a watan Satumba. Shi kansa tafkin, gaskiya ne ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, sai dai ba shi da zurfi, kuma yawancin ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, don haka bakinsa yana matsawa gaba da baya a kowace shekara. Wanda ya je da rani zai dawo da labarin masifa, wanda ya je bayan cikowar ruwa ya dawo da wani labarin daban.

Ra'ayina shi ne, mai ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa da ke son nuna abin da ke tsakanin ɗan Adam da muhallinsa, aikinsa bai kammala ba sai ya koma wuri guda, a lokaci guda na shekara, ya sake ɗauka. Kyau kaɗai ba ya wadatarwa, wani lokacin ma shi ke ɓoye gaskiya.

Wannan sana'a ta daɗe tana fama da matsalar. Ansel Adams ya yi suna da hotunan kwarin Yosemite a Amurka, duwatsu da gajimare ba ko mutum ɗaya, kamar ba a taɓa taka wurin ba. Alhali 'yan asalin yankin sun zauna a kwarin tsawon zamani suna sa wa ciyawa wuta don buɗe fili, kafin a fara korarsu a 1851. Abin da ake kallo a matsayin dajin Allah, da hannun mutane a ciki. Sauyi ya zo a 1975 da wani baje kolin hotuna mai suna New Topographics a birnin Rochester na jihar New York. Robert Adams ya nuna sababbin rukunin gidaje suna cinye filayen Colorado, Lewis Baltz ya nuna bangayen masana'antu, Bernd da Hilla Becher daga Jamus suka kawo gine-ginen masana'antu da suke ɗauka ta fuska ɗaya ƙarƙashin lumshi. Tun daga nan titi da turken lantarki da juji suka samu gurbi a hoton ƙasa.

Amma shigar da ɓarnar mutum cikin hoto ya haifar da wata sabuwar cuta, wato mayar da ɓarnar ado. Edward Burtynsky ɗan Kanada ya ɗauki wuraren tace ɗanyen mai ta ɓarauniyar hanya a yankin Neja Delta daga sama a 2016. Gwaninta kam ba a magana: baƙin mai ya malale cikin koren daji, ya zana layuka kamar rinin Ƙofar Mata. Sai dai daga can sama ba a ganin masuncin da kifinsa ya ƙare. George Osodi, ɗan Najeriya da ya yi aiki a yankin tsakanin 2003 da 2007, a ƙasa ya tsaya, inda mata ke shanya abinci kusa da harshen wutar iskar gas. A ganina na Osodi ya fi kusa da amsa tambayar wa ya ci riba, wa ya kwana a ciki. Na Burtynsky kuma ya fi nuna girman abin. Kowannensu ya riƙe rabin magana, kuma babu wanda ya nuna yadda wurin yake kafin nan.

Hujja mafi ƙarfi a wannan batu daga kudancin Nijar ta fito. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, duniya ta gama yarda cewa yankunan Maraɗi da Damagaram sun kama hanyar zama hamada. Sai Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya jera hotunan sama na 1975 kusa da waɗanda aka sake ɗauka bayan shekara kusan 30 a kan ƙauyuka guda. Itatuwa sun ƙaru, ba raguwa suka yi ba, kuma a cikin gonaki suka ƙaru. Manoma ne suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, suna zaɓar toho biyu ko uku masu ƙarfi na gawo da kalgo da sabara su bari, su datse sauran. Ƙiyasin da aka yi ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Da hoto ɗaya aka dogara da shi, da ba wanda zai yarda, domin gonar gero mai gawo jefi-jefi ba ta da wani abin burgewa a ido. Jerawar ce ta yi magana.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1977 Mark Klett da abokan aikinsa sun bi sawun masu hoton ƙarni na 19 a yammacin Amurka, suka nemo daidai inda kowannensu ya kafa kyamara, suka sake ɗauka a wurare fiye da ɗari. Kuma ba ta buƙatar kayan miliyoyi. Abin da take buƙata shi ne tsari, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa.

Wurin tsayuwa shi ne komai. A zaɓi inda za a iya ganewa bayan shekara goma, a kuma tabbatar akwai abubuwa biyu marasa motsi a cikin hoton, ɗaya kusa ɗaya nesa: kusurwar gada da ƙololuwar dutse, ko hasumiyar masallaci da tankin ruwa. Bishiya ba ta cika zama alama ba, don ita ce abin da ake sa wa ido, gobe ana iya sare ta. Lambobin GPS na waya suna kuskuren mita 3 zuwa 5 ko a fili, saboda haka su kaɗai ba su isa ba. A kafa guntun rodi ko a ɗiga fenti a kan dutse, sannan a ɗauki hoton wurin tsayuwar shi kansa. Dalili kuwa, in aka goce ko da mita biyu, abin da ke kusa zai matsa ya rufe wani sashe na abin da ke nesa, kuma babu gyaran kwamfuta da zai mayar da shi. Haka ma tsayin kyamara: a ɗora ta kan mariƙi mai ƙafa uku, a auna mita 1.5 daga ƙasa zuwa tsakiyar gilashi, wato idon kyamarar, a rubuta, a rubuta kuma fuskar da aka kalla da kamfas.

Gilashi guda za a riƙa amfani da shi, misali mai milimita 35. Mai waya ya tsaya kan babbar kyamarar, kada ya ja hoto da yatsu, domin wannan yanka ne kawai da ke rage ingancinsa. A babbar kyamara, buɗin f/8 zuwa f/11 (ma'aunin faɗin ƙofar da haske ke shiga) da ISO 100 (ma'aunin saurin kama haske) sun isa su fito da na kusa da na nesa tas. Wanda ya matse zuwa f/22 da zaton ƙarin kaifi, laushi zai samu, kuma duk ƙurar da ta shiga cikin kyamara za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Da hunturu kada a sauya gilashi a fili. A adana a tsarin RAW in akwai, wato ɗanyen hoton da na'urar ba ta yi wa gyara ba, saboda wayoyin yanzu suna ƙara wa kore da shuɗi armashi da kansu, kuma waya biyu ba sa ƙarawa daidai. Sai a ga kamar ciyawa ta ƙaru, ashe waya aka sauya.

Lokaci ne tarko mafi girma. Mako guda na wata guda, sa'a guda ta yini, in ba haka ba inuwa za ta sauya siffar kwari da tudu. Hantsi ko bayan la'asar sun fi, don hasken da ya zo a karkace shi ke fito da zurfin zaizayar ƙasa, rana tsaka kuwa tana shafe shi. Hazon Disamba da Janairu yana cinye duk abin da ya wuce 'yan kilomita. Ga kuma gawo da halinsa na daban: da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore. Wanda ya ɗauki gona a Agusta bara, ya ɗauka a Fabrairu bana, zai yi rantsuwa matattun itatuwa sun farfaɗo. Ya fi kyau a riƙa ɗauka sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, a kuma kwatanta rani da rani, damina da damina kawai.

Batun jirgin hoto mara matuƙi, a yi hattara. A Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, kuma a yankunan da ke fama da rashin tsaro tayar da shi neman fitina ne. Tudu ko rufin bene sun wadatar. Gona kuma tana da mai ita, a yi sallama, a sanar da mai unguwa, a tambayi manomin abin da ya gani ya sauya, a rubuta amsarsa tare da hoton.

Wuraren da ke jiran irin wannan aiki suna da yawa. Daga kan Dala ana iya bin yadda gine-gine ke cike kududdufan Kano da yadda badala ke zagwanyewa. A dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda kogi ke cikowa, kuma duk wani aikin share ta ba za a san amfaninsa ba sai da hoton kafin da na bayan. Sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu za su iya raba wa ɗalibai wurare goma-goma, aji ya miƙa wa aji.

Ajiya ce ke kashe yawancin irin wannan aiki. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yana raguwa, kuma bayanan rana da wuri da ke cikinsa suna gogewa, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Sunan kowane fayil ya ƙunshi wuri da shekara da wata da rana. A ajiye kwafi uku, ɗaya ba a gida ɗaya da sauran ba, a kuma wanke guda a takarda, a rubuta ma'aunan a bayansa da fensir, domin ita ce za a riƙe a hannu a daidaita kyamara da ita ranar komawa.