Sunayen da aka ajiye a Lyon, da waɗanda gara ta cinye a gida

Duk ranar 8 ga Disamba, da zarar magariba ta yi, mutanen Lyon sukan jera ƙananan kyandirori cikin kofunan gilashi a bakin tagoginsu. Tun 1852 suke yin haka don girmama Maryamu uwar Yesu, ko da yake yanzu abin ya zama bikin fitilu da baƙi ke tururuwa su kalla daga ko'ina. Shekarata bakwai ke nan a wannan gari na Faransa, kuma ni ma nakan jera nawa. Bara na ƙi shiga cunkoson tsakiyar gari, na hau tudun Fourvière da ƙafa cikin sanyi, na shiga tsohon ƙaramin cocin da ke jingine da babban. Na daɗe a zaune. Abin da ya kai ni shi ne, a wannan ɗaki, ranar 8 ga Disamba 1856, aka ɗaura niyyar da ta zo ta taɓa gidanmu a kudancin Filato.

Wani bishop ne mai suna Melchior de Marion Brésillac ya hau tudun da abokansa shida, suka kafa Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda a gida muka fi sani da Fada-Fadan SMA. Ya yi shekara 12 a Indiya kafin nan. Ya ajiye aikin can ne saboda saɓani, kuma cikin abubuwan da ya dage a kai har da cewa dole 'yan ƙasa su zama firistoci su riƙe cocinsu da kansu. Dahomey ya roƙa a tura shi, Roma ta ba shi Saliyo. Ya sauka Freetown ranar 14 ga Mayu 1859, ya tarar da zazzaɓin shawara yana ta ɗibar mutane. Ranar 25 ga Yuni ya rasu. Mako shida kacal ya yi a Afirka. Cikin su shida da suka je, biyar can aka binne su.

Wanda ya bari a Lyon yana kula da gida, Fada Augustin Planque, bai rufe ƙofa ba. Ya ja ragamar ƙungiyar har ya rasu a 1907, shi ne kuma ya kafa ƙungiyar Sistocin OLA a 1876, waɗanda duk ɗan Jos ya san asibitinsu. A watan Afrilu 1861 Fada Francesco Borghero, ɗan Italiya, ya sauka Ouidah a ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Benin. Daga nan aka kai Legas, aka kai Lakwaja a 1884, aka kafu a Asaba.

Ku lura da yadda nake zubo ranaku da sunaye ba gargada. Ba ƙwaƙwalwata ba ce mai kyau, mutanen nan ne ba sa barin takarda ta faɗi ƙasa. Gidan ƙungiyar yana nan a titin Gambetta, tafiyar 'yan mintuna daga inda nake sayen doya da manja a unguwar Guillotière. Wasiƙun da Fada-Fadan suka riƙa aikowa gida suna ajiye. Littafin da Borghero ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum, an buga shi, kowa na iya saye. Matashin da ya mutu watanni kaɗan da saukarsa jirgi, an san ƙauyensu, an san ranar da aka naɗa shi, an san inda kabarinsa yake. Wannan abu yana burge ni, kuma yana sosa mini rai, don na san abin da ke gefenmu.

Ranar 12 ga Fabrairu 1907 Fada uku suka isa Shendam, a kudancin Filato: Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin. Ba da ka suka zaɓi wurin ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka riƙa kange 'yan mishan daga manyan biranen Musulmi, ana nuna musu ƙasashen masu bin addinin gargajiya. Sarkin ƙasar, Long Goemai, ya karɓe su, suka samu wurin zama. Daga wannan tushe ne aka samu Jos da Kaduna a matsayin yankuna biyu na coci a 1934, a hannun Fada-Fadan Ailan. A 2007, shekara ɗari cif, Shendam ta samu nata bishop.

Haka ake ba da labarin a wurin bikin tunawa, kuma babu ƙarya a ciki. Amma Turawa uku da ba sa jin Goemai, ba sa jin Hausa, wa ya yi musu tafinta a makon farko? Wa ya ɗauko akwatunansu a ka tun daga bakin kogi? Wa ya nuna musu ruwan da ake sha da wanda ba a sha? Sa'ad da aka fara buɗe makarantun daji, wa ya tsaya gaban allo?

Kakana na wajen uba katikis ne, wato mai koyar da addini a coci wanda ba firist ba. Malam ake ce masa, har ya mutu ban ji wani babba ya kira sunansa na yanka ba. Ƙauyuka biyar yake zagawa a kan wani baƙin keke mai ƙararrawa, da littafin addu'a na Hausa ɗaure cikin tsumma a bayan sirdi. Fada yakan zo ne bayan wata biyu ko uku, idan damina ta yi ƙarfi ma sai a ɗauke ƙafa har kaka. Duk sauran Lahadin Malam ne. Shi zai buga guntun ƙarfen mota da aka rataye a itacen mangwaro, shi zai ja addu'a, shi zai karanta bishara ya fassara wa tsofaffin da ba su jin Hausa sosai. Shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke sasanta miji da mata, shi ake tasa cikin dare idan wani yana gargarar mutuwa. Ranar da Fada ya iso, sai ya tarar an jera masa mutane a shirye, ya yi musu tambayoyi, ya zuba musu ruwa, ya sa hannu a littafi. Sa hannun Fada ne ke cikin littafin baftisma har yau. Na Malam ba shi da gurbi.

Ina ƙarami na san wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. A ciki yake rubuta wanda aka haifa, wanda ya mutu, wanda ya ba da kwanon dawa don rufin coci, da waƙoƙin da shi da abokansa suka ɗora wa muryoyin gargajiya. Daren da na sauko daga Fourvière na kira goggona, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa.

Na ce, "Goggo, ina akwatin Malam?"

Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Wane akwati, ɗana? Ai gara ta shiga tun shekarar da ɗakin ya zube. Abin da ya rage yara suka riƙa yaga suna ƙulla ƙuli-ƙuli."

Na ce, "Ba wanda ya kai wa coci?"

Ta ce, "Wa ya tambaya?"

Wannan tambaya tata ta hana ni barci. Ba wanda ya tambaya, har da ni da na yi karatu da kuɗin da aka tara a inuwar mutumin.

Kada a ce son kai ne ya sa nake ɗaga kakana. Tun farkon labarin haka abin yake. Da Borghero ya je Legas a farkon shekarun 1860, ba fili ya tarar ba. Ya samu 'yan Katolika, bayin da suka 'yantu suka dawo daga Brazil, suna taruwa suna addu'a ƙarƙashin wani dattijo da suke kira Pa Antonio, wanda ba firist ba ne. Coci yana tsaye kafin Fada ya iso. Sunan Pa Antonio ya tsira ne don Turawan sun rubuta shi. Irinsa nawa ne tsakanin Shendam da Pankshin da Kafanchan da Zuru da ba wanda ya rubuta?

Ba ina rage wa waɗanda suka zo daraja ba ne. Wanda ya ga kaburburan samari 'yan shekara ashirin da wani abu, da suka shiga jirgi sun san na gabansu ba su dawo ba, ba zai raina su ba. Tun kafin SMA ma, wasu Fada biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan sun taso daga Tarabulus, suka ratsa Sahara ta Agadas, suka mutu a Katsina a 1711. Makarantu da asibitocin da suka biyo baya kuwa, Kirista da Musulmi duk sun ci moriyarsu. Amma gaskiya ɗaya ba ta hana faɗin wata. Sun shigo ne a zamanin mulkin mallaka, kuma da yawansu sun zo da kallon zamaninsu, suna ganin baƙar fata a matsayin yaron da za a daɗe ana riƙe wa hannu. Sai a 1920 aka naɗa firist na farko ɗan Najeriya, Paul Emecete, a Asaba. Jos ba ta samu bishop ɗan ƙasa ba sai Gabriel Ganaka a 1974. Ita kanta SMA, wadda mai kafa ta ya bar Indiya yana fafutukar firistoci 'yan ƙasa, sai a 1983 ta yanke shawarar karɓar 'yan Afirka cikin 'ya'yanta. Hujjarsu ita ce suna so su gina firistocin dayosis, wato na yankin kowane bishop, tukuna. Na ji hujjar, amma shekara 127 ta yi yawa. A duk tsawon wannan jira, su Malam ne suka riƙe gida.

Akwai wani abu kuma da zama a Lyon ya koya mini game da kuɗin. Mu a gida mun ɗauka Turawa masu arziki ne suka riƙa zubo dukiya. Ashe babban ɓangare daga talakawa ya fito. Wata budurwa 'yar garin nan, Pauline Jaricot, ita ta tsara yadda mata masu aikin saƙar siliki za su riƙa ba da ƙwandala ɗaya duk mako, goma-goma, kowace goma da mai karɓa. Daga nan ƙungiyar tallafa wa mishan ta 1822 ta samo asali, kuma a 2022 coci ta ɗaga ta zuwa matsayin mai albarka a nan Lyon. Da na ji labarin sai na ga uwata da ƙawayenta na zumuntar mata. Su ma haka suke yi: mudun gero, ɗan kuɗin adashi, tallar ƙosai, har a sayi kwanon rufi. Bambancin kawai, gidan Pauline yana nan a gindin Fourvière an mai da shi wurin ziyara, su kuwa iyayenmu ko hotonsu babu a bangon cocin da suka rufa.

Na san amsar da wasu za su ba ni, don na sha jin ta: ladansu yana wurin Allah, me za su yi da suna a takarda? Gaskiya ne, Malam bai yi don a yabe shi ba. Amma rubutun ba dominsa ba ne, dominmu ne. Yaron da ya tashi yana jin cewa Bature ne ya kawo komai, ya gina komai, zai girma yana jiran wani Bature. Kuma a ƙasa irin tamu, inda ake yawan ce wa Kiristan Arewa addininsa baƙo ne, sanin cewa kakanninsa ne suka ɗauki abin a kan kekunansu, da harshensu, ba ƙaramin abu ba ne. Ba kuma za mu fake da cewa mu ba mutanen rubutu ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi da muka tashi tare, almajirin kirki zai lissafa maka malaminsa da malamin malaminsa, kuma gidajen malamai da yawa suna da gafakar takardun ajami da aka gada. Sun san darajar wanda ya koyar. Mu ma muna da abin lissafawa, sakaci ne ya yi mana yawa.

Yau a cocin unguwarmu a Lyon, ranar Lahadi benci da yawa babu kowa, masu furfura sun fi yawa, kuma Fadan da ke ba mu jibi ɗan Benin ne, daga ƙasar da Borghero ya sauka. Na tabbata ranar da ya iso da ranar da zai tafi suna rubuce a wani fayil. Abin da nake roƙo a gida bai kai wannan wahala ba. Kowace faris, wato cocin yanki, ta sa matasa biyu masu waya su zauna da tsofaffi, su tambayi su wa suka fara ja musu addu'a, daga wane ƙauye, a ƙarƙashin wace bishiya. A rubuta da Hausa da harshen wurin. A bikin cika shekara hamsin ko ɗari, bayan an karanta sunayen Fada-Fada, a karanta nasu.

Ni dai na aika wa 'yar ƙanena kuɗin kati da ɗan na goro. Duk Asabar da yamma takan je ta zauna da Goggo a tsakar gida, ta danna waya, ta turo mini muryar. A ta makon jiya ana jin kaji da ƙarar turmi daga maƙwabta. Goggo ta lissafa katikis tara da suka yi zamani da Malam, ta tuna ƙauyukan bakwai daga cikinsu. Da ta zo kan na goma sai ta tsaya, ta ce wani dogo ne mai ɗingishi daga wajen Kwande, shi ya fi kowa murya. Ta rera baiti biyu na waƙarsa, sannan ta ce a kashe wayar, a dawo mata Asabar mai zuwa, wataƙila sunan ya faɗo mata.