Ba Kowane Mai Kuka Ne Irmiya Ba

Akwai wani bawan Allah da tun da dattawan ikkilisiya suka ce a kawo lissafin kuɗin rufin coci, ya tashi daga fasto ya koma annabin da ake tsananta wa. Kullum sai ya hau Facebook da aya ɗaya tak: annabi ba ya rasa daraja sai a garinsu. Ran Lahadi kuwa wa'azin bai wuce "kada ku taɓa shafaffe na Ubangiji" ba. Ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Tunda dai annabi Irmiya yake son zama, bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga abin da aka yi wa Irmiya, da abin da ya jawo masa.

A Irmiya 20, Fashur firist ya sa aka yi masa dūka, aka sa shi a turu ya kwana. A sura 36, sarki Yehoyakim yana zaune yana jin ɗumin wuta, ana karanta masa saƙon da Baruk ya rubuta daga bakin Irmiya, shi kuwa yana yanka takardar da wuƙa yana jefawa a wuta har ta ƙare. A sura 38, fadawan sarki Zadakiya suka zura shi cikin rijiyar da ba ruwa sai taɓo, ya nutse ciki, sai da Ebed-melek, baƙo daga Kush, ya roƙi sarki, ya je da igiya da tsummoki ya ce ya sa a hammata kada igiyar ta yanke shi. Laifinsa me? Ya gaya wa sarki da fadawa cewa Urushalima za ta faɗa hannun Babila, ba su so ji ba. Kuma ta faɗi. A duk surorin nan ban ga inda aka ce masa ina kuɗin kwano ba.

Amma a littafin nan dai akwai wani annabin da mutuminmu ba ya taɓa karanta mana labarinsa, Hananiya, a sura 28. Shi ne mai bakin zuma. Ya tsaya a Haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu kayan Haikalin da aka kwashe za su dawo daga Babila, har ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya karya, don a ga ƙarfin bangaskiya. Ya yi maganar a wata na biyar, ya mutu a wata na bakwai. Duk ƙarshen shekara idan na ji ana raba wa mutane mota da biza da miji daga kan mumbari, a biya "kuɗin iri" tukuna, wato baikon da ake cewa zai haifi albarka, Hananiya ke faɗo mini a rai.

Haka Mikaiya a 1 Sarakuna 22. Annabawa wajen 400 suka haɗa baki suka ce wa sarki Ahab ya tafi yaƙin Ramot-gileyad, nasara tasa ce. Har ɗan aiken da ya je kiran Mikaiya ya ba shi shawara a hanya, ya bi bakin jama'a ya huta. Ya ƙi. Aka mare shi, aka kulle shi a kan ɗan abinci da ruwa. To wanda ba a taɓa bikin babban mutum ba shi a kujerar gaba ba, wanda kowane ɗan takara ya zo sai ya ga masa nasara a wahayi, wanne layi yake? Na mutum ɗaya ko na 400?

Yahaya Mai Baftisma kansa aka sare saboda ya ce wa Hirudus bai halatta ya auri matar ɗan'uwansa ba. Zakariya ɗan Yehoyada, a farfajiyar Haikali aka jajjefe shi bisa umarnin sarki Yowash. Dukansu manya suka nuna wa yatsa. Shi namu, gwauruwar da ta sayar da akuyarta ta ba da gudummawar gini ita ce Yezebel ɗinsa, wato sarauniyar nan mai kashe annabawa, don ta yi tambaya a taro.

Kuma Matiyu 5:11 da yake yawan jawowa, yana tsallake sharaɗin da ke ciki: sai in ƙarya aka yi maka, kuma saboda Almasihu. Bitrus ma ya ja kunne a wasiƙarsa ta fari, 4:15, cewa kada wani ya sha wuya a matsayin ɓarawo. Annabi Elisha ya ƙi karɓar ko kwabo daga Na'aman, kuturun da ya warkar. Wanda ya bi keken Na'aman a guje ya karɓo azurfa da riguna, sunansa Gehazi, baran Elisha, kuma shi ma da aka tambaye shi daga ina, cewa ya yi bai je ko'ina ba.

Ba wanda ya haƙa rijiya, ba wanda ya ɗauki dutse. Taron dattawa na nan bayan sujada, ranka ya daɗe. A taho da rasit.