Ranar da madarar almon ta hau silin

Hajiya, uwar mijina, ta dawo daga Umara da dabino da zamzam da wani ƙullin almon, wata ƙwayar itace mai kama da gyaɗa. Ta miƙo min ta ce, "Ke da kika iya kunun aya, an ce wannan ma madara ake yi da shi." Na ce ai Hajiya wannan ƙaramin alhaki ne.

Ƙa'idar kuwa ba wuya. Almon kofi 1, a jiƙa a ruwan sanyi awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan jiƙon a ɗauraye. Ruwa kofi 3 in ana son kauri, 4 in ana son ta tsinke. Dabino biyu ko uku da aka cire wa ƙwallo, da ɗan gishiri. A niƙa kamar minti biyu, a tace da ƙyalle mai tsafta, a matse sosai.

Ni ban jiƙa ba. A ƙauyenmu na gefen Gumel wuta ba ta sallama, kuma da ta zo bayan la'asar wa zai tsaya jiran awa takwas? Na tafasa ruwa na zuba. Dabarar tana da nata amfanin: minti ɗaya a tafasasshen ruwa ɓawon ya saki, kina matsawa da yatsu ƙwayar ta fito fara tas. Sai dai cikinta yana nan da taurinsa, jiƙo ne kaɗai ke sa shi laushi.

Na juye almon kofi 2 a bilanda har da ruwan zafin, na ƙara wani ruwan har ya wuce layin da aka yi a jikin jog ɗin. Ashe ba don ado aka ja layin ba. Wuƙa na juyawa ruwa yana tasowa, tururi kuma yana tura murfi daga ƙasa. Ina danna maɓalli murfin ya yi sama. Madara a silin, madara a ɗankwalina, madara a shaddar Malam da aka goge don Juma'a. Wata kaza da ta leƙo ta fita da farin kai.

Abin da ya rage na ci gaba da niƙa ba hutu, har injin ya fara warin ƙonannar waya. Ƙaramin bilanda sai a hankali: daƙiƙa 30, a tsaya ya huce, a sake.

Na tace na kai wa Hajiya a kofin baƙi. Ta kurɓa, ta yi shiru, ido ya kawo ruwa. "'Yar nan, a Saudiyya har da attarugu suke sawa?" Da safe na markaɗa kayan miya, ɗauraya kawai na yi. Yajin yana maƙalewa a robar da ke ƙarƙashin wuƙa, sai an kwance gindin an wanke da ruwan ɗumi da sabulu.

Sauran na rufe na ajiye bayan randa. Da gari ya waye ta rabu, ruwa daban, gari daban. Wannan ba laifi ba ne, girgizawa ake yi. Tsamin ne laifi: a firij takan kwana uku zuwa huɗu, a zafin Jigawa ko kwana ɗaya da ƙyar.

Dusar na bai wa kaji. Malam ya tafi masallaci da tsohuwar rigarsa, Hajiya kuma ta aika aka auno mata aya mudu ɗaya, ragowar almon ɗin ta kulle a adakarta.