Idan kati ya shiga aljihun jami'i: yadda ake tatsar matafiya a mashigan Kuseri, Fotokol da Njamena

Kogin Logon ne kawai tsakanin Kuseri ta Kamaru da Njamena, babban birnin Chadi, gadar Ngeli kuma ta haɗa garuruwan biyu tun 1985. Kullum safiya jama'a na kwarara a kanta: mai kai mara lafiya asibiti, mai sarin albasa, ɗalibi, matar da za ta ta'aziyya gidan surukanta. Wanda takardunsa suka cika, bai kuma ɗauko kayan da ake biya wa haraji ba, bai kamata a karɓi ko dala a hannunsa ba. A watan Yuni 2013 shugabannin ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta tsakiyar Afirka wadda Kamaru da Chadi ke ciki, suka amince a soke biza a tsakaninsu, a ƙarshen Oktoba 2017 kuma, a taron da suka yi a Njamena, aka tabbatar cewa duka shidan sun fara aiki da wannan shawara. Ɗan Kamaru ko ɗan Chadi mai fasfo ko katin ɗan ƙasa da bai mutu ba yana da damar shiga ya yi kwana 90. Najeriya ba ta cikin CEMAC, amma ɗan Najeriya ma ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara a Kamaru, albarkacin yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1963.

Duk wanda ya saba bin hanyar Marwa zuwa Mora, Waza, Dabanga har Kuseri, ko ta Fotokol zuwa Gamboru, ko ta Amcide zuwa Banki, ya san cewa abin da ke faruwa a ƙasa daban ne. Ra'ayina shi ne, ba a gyara wannan da wa'azi ga jami'ai, domin tsarin shingen ne kansa ke ba da ƙofar zalunci. Abu uku ne ke haɗuwa: asalin takardar matafiyi tana hannun jami'i, lokaci yana ƙure wa matafiyi, kuma babu inda ake rubuta abin da ya faru.

Ga yadda abin ke gudana. Mota ta tsaya, a ce kowa ya miƙo kati. Aikin jami'i ya duba hoto, ya duba fuska, ya duba ranar ƙarewa, ya mayar. Minti ɗaya ya isa. Maimakon haka sai ya tattara katunan gaba ɗaya ya shige rumfa, ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Daga nan matafiyi ya zama fursunan takardarsa, domin ba zai iya gaba ba, ba zai iya komawa ba. Direba na danna oda, sauran fasinjoji na cewa "Malam, ka sallame su mu tafi, rana na yi", mashigar kuma ba ta kwana a buɗe. Ba sai jami'in ya yi barazana ba. Zai ce "kuɗin rajista", ko ya ce "a ba yara na shayi". Abin da aka saba karɓa daga sefa 500 ne zuwa 2,000 a kan kowane kai, baƙo kuma ya fi ɗan gida biya. A lissafa: miji da mata da 'ya'ya uku, idan aka karɓi sefa 1,000 a kan kowannensu a shinge huɗu, sefa 20,000 ke nan kafin su isa, ban da kuɗin mota, kuma haka za a sake yi a dawowa.

Hukumomin da ke zaune a iyaka kowace da aikinta. 'Yan sanda ke duba takardun shiga da fita. Duwan ke duba kaya da kuɗi. Ma'aikatan lafiya ke duba katin rigakafi. Jandarma da soja na tsaro ne. Amma sai ka ga kowace ta kafa nata teburi 'yan taku kaɗan da na 'yar'uwarta, kowace kuma tana neman ganin komai. Mutum ɗaya ya nuna kati ɗaya sau biyar a cikin tafiyar da ba ta kai kilomita guda ba.

Idan takardu sun cika, sai a nemo dalili. Wanda ya fi yawa shi ne katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Har yau akwai masu cewa ya mutu don ya haura shekara goma. Wannan ƙa'ida ta daina aiki tun 11 ga Yuli 2016, ranar da gyaran Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara aiki: allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, tsofaffin katuna ma sun shiga ciki. Abin da kawai ake buƙata shi ne allurar ta kwana goma kafin tafiya. Mafi muni shi ne inda ake sayar wa wanda ba shi da kati sabon kati mai hatimi ba tare da an yi masa allurar ba. An karɓi kuɗinsa, an kuma bar cutar ta ƙetare iyaka.

Na biyu shi ne resefise, 'yar takardar wucin gadi da ake ba wanda ya nemi katin ɗan ƙasa a Kamaru. Shekara da shekaru mutane sun yi ta yawo da ita, ana ƙara mata wa'adi da hatimi a baya har ta yage, don katin bai fito ba. Laifin jinkirin na hukuma ne, amma talaka ne ke biyan tararsa a kowane shinge. Sabon tsarin da aka fara a 2025 ya yi alkawarin kati cikin awa 48 a kan sefa 10,000. Alkawari ne mai kyau, sai dai ana fara neman katin ne ta intanet, kuma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, wadda ita ce ainihin abin da dubban mutanen ƙauyukan Logon da Shari da Mayo Sava ba su da shi.

Na uku kuɗin aljihu ne. Dokar canjin kuɗi ta CEMAC ta 2018 ta ce a bayyana wa duwan abin da ya haura sefa miliyan 5 idan za a shiga yankin ko a fita daga cikinsa. Ɗan tireda mai sefa 300,000 na sari bai karya kowace doka ba. Amma ana sa shi ya zazzage aljihu, a ƙirga kuɗin a gaban jama'a, a tambaye shi wa zai kai wa. A yankin da ake fama da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, ƙirga kuɗin mutum a fili jefa rayuwarsa cikin haɗari ne.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kan iyalai. Uwa ta taso da 'ya'ya uku, sunan da ke katinta daban da nasu, domin su sunan mahaifinsu suke ɗauke da shi, kuma babu takardar haihuwa ko ɗaya. Jami'in da ya tsaya ya yi tambaya bai yi laifi ba. Safarar yara gaskiya ce a wannan yanki, ana bukatar sa ido. Hanyar bincike kuwa sananniya ce: a tambayi yaron sunan uwarsa da garinsu cikin harshen da yake ji, a kira uban ko mai unguwa a waya, a rubuta abin da aka samu. Abin da ake yi a wurare da yawa shi ne a ja yaron gefe, a bar uwar tana kallonsa yana kuka, har ta kwance bakin zaninta. Da ta biya, zargin safarar ya ɓace. Ke nan mai safarar gaske, wanda ya fi kowa kuɗi a aljihu, shi ne zai fi saurin wucewa.

Haka batun binciken mata. Bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na Njamena a Yuni 2015 da na Fotokol a Yuli na shekarar, Chadi ta hana sa niƙabi, lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru ma ya hana. Babu mai hankalin da zai ce kada a bincika mace, tunda an sha ɗaura wa 'yan mata bam. Amma mace ce ke bincika mace, a bayan labule. Shingen da ba shi da jami'a ko ɗaya yana sa namiji ya taɓa jikin matar aure a gaban mijinta da 'ya'yanta, wanda ya buɗe baki kuma a ce yana hana hukuma aiki. Labule da jami'a ɗaya a kowane shinge ba su fi ƙarfin kowace gwamnati ba.

Ga kuma wanda ya gudo daga yaƙi, wanda bai tsaya ɗaukar takalmi ba balle takarda. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta hana hukunta shi don ya shigo ba da izini ba, ta kuma hana mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Ta Afirka ta 1969 ta ƙara da hana korarsa daga bakin iyaka. Kamaru na da dokarta ta 2005 a kan haka, Chadi ta yi tata a Disamba 2020. Duk da haka, a Satumba 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa sojojin Kamaru sun tilasta wa 'yan Najeriya fiye da 100,000 komawa tun farkon 2015, zargin da gwamnatin Kamaru ta musanta. A Janairu 2019 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ce an mayar da kusan mutum 9,000 da suka tsero zuwa Kamaru daga Rann ta Najeriya, alhali tun Maris 2017 Kamaru da Najeriya da hukumar sun sa hannu cewa komawa sai da yardar mai komawa. Adalci ne a faɗi cewa Kamaru da Chadi sun ɗauki nauyi mai yawa: sansanin Minawawo na 'yan gudun hijirar Najeriya yana nan a Kamaru tun 2013, Chadi ta karɓi mutanen Baga a Dar es Salam kusa da Baga Sola, ta karɓi 'yan Kamarun da rikicin Logon Birni ya koro a 2021, ga kuma dubban ɗaruruwan 'yan Sudan ta Adre tun 2023. Wannan karamci ne ya sa abin da ake yi a shinge ya fi zama abin kunya.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce tsaro. Na yarda jami'an nan suna aiki a wuri mai haɗari, an kashe da yawa daga cikinsu a bakin aiki. Amma shingen da ake wucewa da sefa 1,000 ba ya tsare kowa. Illarsa ta biyu ta fi wannan: mutumin kirki da ya gaji da wulaƙanci yakan bar gada ya hau kwalekwale da dare, ko ya bi ɗan acaɓa ta daji, ko ya taka kogin El Beid da ƙafa lokacin rani. Nan ne ake nutsewa, nan ne ake faɗa wa 'yan bindiga, kuma hukuma ba ta san wa ya shiga wa ya fita ba. Mutanen da ake tatsa kullum kuma ba za su zo su ba jami'i labarin baƙuwar fuska da suka gani ba.

Kafin gyara ya zo, akwai abin da matafiyi zai yi ya rage wa kansa wahala. Ya yi fotokofin kati da takardun haihuwar yara, a buga musu hatimi a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko ofishin magajin gari, ya kuma ajiye hotonsu a waya. Uwar da za ta fita da yara ba tare da ubansu ba ta riƙe takardar izininsa mai hatimi, da lambar wayarsa. Yaron da wa'adin yi masa rajistar haihuwa ya wuce, sai an bi ta kotu a sami hukuncin da ke maye gurbin takardar, don haka a fara da wuri, kada a bari sai tafiya ta taso. A isa iyaka da hantsi, domin wanda ya iso dab da rufewa ba shi da ƙarfin jayayya. Idan an nemi kuɗi, a tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na mene ne, kuma za a ba ni rasit?" Kuɗin gwamnati yana da rasit mai lamba da hatimi. Kada a ɗaga murya, kada a ɗauki hoton shinge, domin wannan kan zama sabon laifi. A riƙe sunan wurin, rana, lokaci, irin kakin da lambar motar da aka shigo.

A Kamaru sashe na 134 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga ma'aikacin da ya karɓi cin hanci, sashe na 142 kuma ya hukunta karɓar kuɗin da ma'aikaci ya san ba a bin mutum. Tsare mutum a ofishin 'yan sanda ko jandarma awa 48 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Hukumar yaƙi da rashawa ta CONAC na amsa kira a 1517, 'yan sanda a 1500, jandarma a 1501. Ƙorafin mutum ɗaya kan ɓace, amma idan ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa ta tattara ashirin masu rana da lokaci ta kai wa gwamna a Marwa, da wuya a ce ba a gani ba.

Abin da ya rage na hukumomi ne, kuma ba mai tsada ba ne. A kafa allo a kowace mashiga, da Faransanci da Larabci da Hausa da Fulatanci da Kanuri, mai nuna takardun da ake nema da abin da ake biya da abin da kyauta ne. A hana jami'i shiga rumfa da katin mutum. A duba a gaban mai shi. Duk wanda aka tsayar fiye da rabin awa a rubuta sunansa da dalili a rajista mai lambar shafi, wadda mai gabatar da ƙara zai riƙa dubawa. Kowane jami'i ya sa suna ko lamba a ƙirji. A haɗa hukumomin a rumfa ɗaya, a duba mutum sau ɗaya. A kuma yawaita zaman kotun tafi-da-gidanka a ƙauyuka don ba yara takardar haihuwa, tare da lamidai da bulamai a matsayin shaidu. Gadar Yagwa da Bongor da aka buɗe a 2025 ita ce wurin da ya fi dacewa a fara, tun teburan karɓar kuɗi ba su yi yawa a bakinta ba, sannan a kawo tsarin zuwa Ngeli da Fotokol.