Kafin ku sauko daga Shere, ku ƙirga kanku

Jiya da daddare a gurup ɗinmu na WhatsApp saura kaɗan a raba gari, wai wasu na so a kasa mu biyu, masu sauri su riƙa tashi daban, masu haki su biyo baya a hankali, kowa ya yi gudun da ya dace da ƙafarsa. Ni ina cikin waɗanda ake kira masu saurin, amma ban goyi baya ba kuma ba zan goya ba. Na yi shiru a can don kar a ce ina neman rigima da tsakar dare, to amma maganar ta hana ni barci, shi ya sa na kawo ta nan.

Ga wanda bai san mu ba, duk Asabar bayan sallar asuba muke haɗuwa mu nufi duwatsun Shere da ke gabashin Jos. Shi kansa garin Jos ya haura mita 1,200 daga saman teku, ƙololuwar Shere kuma ta kai wajen mita 1,829, to ka ga wanda ya saba gudu a kan kwalta a Kano ko Kaduna ranar farko da ya biyo mu sai ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Kuma sunan gudu ne kawai, rabin hanyar hawan tafiya ce da hannu a kan gwiwa, wani wurin ma rarrafe kake yi tsakanin manyan duwatsu kana neman inda za ka maƙale yatsa. Wanda ya ce maka da gudu ya hau tun daga ƙasa har sama, ka ce ya rantse.

Hujjarsu na gane ta sarai. Mutum ya tashi tun duhu, ya bar iyali, yana so ya yi zufa ya ga lambobinsa sun gyaru a Strava, manhajar waya da ke auna gudu, sai kuma a ce duk bayan minti goma ya tsaya jiran wani, jikinsa ya huce, sanyin Jos ya shige shi. Akwai takaici, na sani. Amma wallahi in lambobi kake nema ga filin wasa na Rwang Pam nan, ga titi shimfiɗe, je ka zaga har ka gaji ba wanda zai ce maka jira.

Abin da ya sa na kafe shi ne na taɓa barin mutum a baya, da ƙafata. Cikin damina ne, watan Agusta, lokacin da duwatsun nan ke yin gansakuka su koma kamar an shafa musu sabulu. Muna gangarowa, kuma duk mai hawa ya san gangara ta fi hawa haɗari, don a nan ne cinya ta riga ta mutu amma zuciya na cewa saki jiki. Akwai wani yayanmu, ya girme mu duka, mutum ne mai jiki, kullum shi ne na ƙarshe kuma kullum cewa yake "ku je kawai, ina nan tafe". Ranar ma haka ya ce, na ce "to Yaya sai ka iso", na sake ƙafa. Sai da muka kai inda muka ajiye motoci, muka sha ruwa, har an fara ɗaukar hoto, sannan wani ya ce ina Yaya? Aka kira waya, ba sabis. Hadari kuma ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin.

Mu uku muka koma sama, ni gabana sai faɗuwa yake. Mun fi minti arba'in kafin mu same shi zaune a gindin wani dutse, ya zame ya yi targaɗe, idon sawun ya kumbura har ya cire kambas ɗin ya kasa mayarwa, riga ta jiƙe sharkaf, leɓensa na rawa. Wani yaro makiyayi ne a tsaye kusa da shi da sandarsa, shi ya ba shi ruwa, shi ya yi ta ƙwala mana kira har muka gane wurin. Yaya bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi ya ce "ai na ce muku ina tafe". Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Haka muka riƙa karɓa-karɓa muna goyo da tallafe har ƙasa cikin ruwan sama, daga nan sai wajen mai ɗori.

Wani zai ce ai targaɗe ne kawai. E, Allah ya taƙaita. Amma ku tuna abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayu 2021, tseren kilomita 100 a kan duwatsu, mutum 172 suka tashi, yanayi ya juya musu da iska da ƙanƙara, 21 suka rasu saboda sanyi, yawanci daga su sai gajeren wando da 'yar riga. Kuma har da gwanayen sahun gaba irin su Liang Jing, wanda ya sha lashe irin wannan tsere. A can ma wani makiyayi ne ya ja mutum shida cikin kogo ya hura musu wuta suka tsira. Ban ce Shere ta kai can ba, amma jiƙaƙƙen jiki da iska a saman dutse ga mutumin da ya kasa motsi ba abin wasa ba ne ko a Filato.

Kuma ban da batun haɗari ma, me ya haɗa mu tun farko? Ba ɗayanmu da zai je irin tseren da aka riƙa yi a dutsen Obudu na jihar Kuros Riba ya ciyo kuɗi, wannan sai 'yan Habasha da Kenya da yaran Pankshin masu huhun ƙarfe. Mu 'yan kasuwa ne da malaman makaranta da masu tumbi, abin da ke fito da mu hirar hanya ce, da dabino da ƙuli-ƙulin da ake rabawa a sama ana kallon garin Jos can ƙasa cikin hazo, da tsokanar wanda ya sayo takalmin gwanjo a kasuwar Taminus ya ce na kanti ne. In an raba mu biyu, wata uku ya yi yawa na bayan za su daina zuwa, ba mai son ya zama kaya.

Ni shawarata ba wuya. Mai sauri ya tafi abinsa, ya kai mararraba ya juyo ya dawo wajen na ƙarshe, ya sake hawa, a haka ma shi ya fi kowa cin riba don hawa biyu ya yi. A sa mutum ɗaya mai ƙarfi a can baya da usur a wuya, kowa ya saka rigar ruwa a jaka ko da rana ta take, a ƙirga kai a sama, a sake ƙirgawa a ƙasa kafin a tada mota. Kuma dan Allah a riƙa gaida mutanen ƙauyen, a daina tattaka musu gonar acca don yanke hanya, ran da ta ɓaci su ne za su ɗauko ka.

Asabar ɗin nan ni zan riƙe usur. Yaya ya warke, har ya turo saƙo wai in taho da zanin goyo ko da za a buƙata.