Gwaggo ta yi wa fulawata aiki

Monstera ce, wata shukar ado ta cikin gida mai manyan ganye, na gani a Instagram wajen wata mai sayar da fulawa a Legas, na tura kuɗi ta sako min a mota, direba ya kira na je Kwangila na karɓo a kwali. Tun a keke napep aka fara, mai keken ya waigo ya ce Hajiya gwaza za ki dasa cikin hunturun nan? Ko kallonsa ban yi ba.

Matar ta turo min dokoki a WhatsApp. Kar a canza mata tukunya sai ta yi kamar sati biyu ta saba da gida, kar rana ta doke ta kai tsaye don asalinta dazukan kudancin Meziko ne har zuwa Panama, ƙarƙashin manyan bishiyoyi take tasowa tana hawansu, inuwa da laima kawai ta sani. Ruwa kuma sai an cusa yatsa an ji saman ƙasar ya bushe, in aka cika mata saiwar ta ruɓe. To laima fa, a Zariya, a Janairu, lokacin da mu kanmu leɓe ke tsagewa sai da basilin. Haka na koma fesa mata fiya wata safe da yamma, in bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma ina goge ƙura, Baban yara na kallo ya ce shi ko takalminsa bai taɓa samun wannan gatan ba.

Ganye biyar ta zo da su, uku manya masu huji da tsaga, biyu ƙanana sumul. Kuma hujin nan shi ne kuɗin fa, ƙaramar ba ta yinsa sai ta girma.

Ranar Asabar matan adashinmu suna falo sai ga Gwaggo daga cikin birni. Kun dai san Gwaggo, ba ta shiga gida ta fita ba ta gyara wani abu ba. Na shiga kicin in sauke doya, wallahi ban daɗe ba, ina fitowa da tire na tarar da ita ta miƙe ƙafa a kan kafet da reza a hannu, ganyen nan uku an jera su a gefe, an aiki yaro wajen mai ƙosai ya ɗebo toka an barbaɗe abin da ya rage har cikin tukunya.

Ta ce ke 'yar nan, tsutsa ta cinye miki gwaza kina zaune, na cire masu ciwon.

Ina tsaye da tire. Ban ajiye ba ban zauna ba. Na ce Gwaggo ai haka Allah ya yi ta. Ta ce da hujin? Ni da nake noman gwaza a fadama tun ubanki na yawo ba wando za ki koya wa ganye? Na juya wajen autanmu, shi da ke karatun aikin gona a Samaru, na ce ko zai cece ni, yaron nan ya haɗiye doyata ya ce ai Yaya gaskiyar Gwaggo ce ta wani ɓangaren, danginsu ɗaya da gwaza, shi ya sa ruwan ganyen ke ƙaiƙayi. Gwaggo kuwa dama tana ta susar hannu, ta ce kin ji ko. Bai tsaya nan ba, ya ce kuma dubu 30 Yaya ta saye ta banda kuɗin mota. Wa ya tambaye shi?

Gwaggo ta saki reza ta yi salati tana tafa hannu. Ta ce ana ci? Na ce a'a. Ana magani da ita? A'a. To me take yi? Na ce kallo ake yi Gwaggo. Ta ce kallo. Ta waiga ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya ta sake cewa kallo, a hankali, sannan ta dubi karan da ta bari tsaye da toka ta ce to bismilla, ku kalla. Har yau in na kwanta sai na ji kallon nan a kunnena.

Duk sun yi dariya amma ta maƙwabciyata ce ta tsaya min, wadda kuka sani ɗin, mai ƙofa shuɗiya. Dariya har ɗankwali na faɗuwa har tana dukan kujerata. Ita fa! Ita da ta yi odar leshi a intanet aka kawo mata abu kamar gidan sauro, wa ya raka ta wajen tela aka sa mata shafi? Ni. Na faɗa wa kowa? Sai yanzu. Kuma kulata babba tana gidanta tun babbar sallah, kullum sai ta ce yara za su kawo, na gan ta da idona a sunan ƙanwarta an zuba waina a ciki. Zubin wancan watan ma sai da aka bi ta har gida.

Mai fulawar ta ce ganyen da aka yanke ba ya dawowa, in wanke tokar in jira sabon toho. Na mayar da ita ɗaki na sa makulli. Washegari Gwaggo ta aiko da gwaza dafaffiya a leda wai ga ta gaske, Baban yara ya cinye da yaji. Wanda zai bi ta layinmu don Allah ya yi mata maganar kular nan.