Ja da taya huɗu bai rage wa M5 komai ba, amma kada a ɗauke shi birki

Jiya da daddare a majalisarmu gardama ta kaure a kan BMW M5. Wani abokina ya rantse cewa tun 2017 kamfanin ya kashe motar, domin a shekarar ne aka fito da samfurin F90, M5 ta farko da ke ja da taya huɗu. A wurinsa M5 ta gaskiya mai jan baya ce, irin E60 mai injin V10 ko F10 da ta biyo ta. Ban yarda ba, kuma na tuƙa motar, ba labari na ji ba. Yayana na da ita a Abuja, ya sha ba ni makulli.

Mu fara da dalilin da ya sa aka yi canjin. Injinta V8 ne mai lita 4.4 da turbo biyu, ƙarfin doki 600. Ku tuna fa, kowace taya abin da take taɓa kwalta da shi bai wuce faɗin tafin hannu ba. F10 mai ƙarfin doki 560 ta riga ta nuna iyakar abin: ka danna totur a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyin baya su yi ta wulwulawa, kwamfutar motar ta riƙa datse ƙarfin don kada ka juya. Kuɗin doki 560 ka biya, amma rabinsu a ɗaure suke a turke. Da aka raba aikin wa tafuka huɗu, sai ga F90 tana tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.4. Mota ce mai ƙofa huɗu, mai nauyin kusan tan biyu, wadda za ka saka iyali da akwatuna a but ka kama hanya.

Abin da masu sukar ba su sani ba shi ne yadda rabon yake. Tsarin da suke kira M xDrive ba rabin-da-rabi yake yi ba. A tafiya ta yau da kullum tayoyin baya ne ke tura motar, sai in sun fara neman zamewa akwatin raba ƙarfi ya miƙa wa na gaba nasu kason. A bayan motar kuma akwai wata na'ura da ke raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama. Na ji wannan a jikina wata rana da yamma, ruwa ya ɗauke ke nan, ina fita daga wani shataletale. Na taka totur tun kafin in gama miƙe sitiyari. Na ji bayan motar ya ɗan karkata, kamar doki ya gyara tsayuwa kafin sukuwa, sai gaba ya kama ya jawo ta, ta miƙe sak. Ban gyara sitiyari da yawa ba, gabana bai faɗi ba. A motar jan baya mai irin wannan ƙarfi, da ko dai kwamfuta ta shaƙe injin, ko kuma in tsinci kaina ina kallon inda na fito.

Ga kuma mai son tsohon yayi, ba a hana shi ba. Zaɓi uku ne: 4WD, wato ja da taya huɗu, da 4WD Sport mai ƙara tura ƙarfi baya, da 2WD wanda ke cire tayoyin gaba daga aiki gaba ɗaya, amma sai ka kashe na'urar hana zamewa tukuna. Da wannan samfurin ne wani direba mai suna Johan Schwartz ya shafe awa 8 yana zamiya a da'ira a watan Disamba 2017 a jihar South Carolina ta Amurka, ya ci sama da kilomita 370, har ana zuba masa mai daga wata motar suna cikin tafiya. To ina kisan da aka yi wa M5 a nan? Akwai jajayen maɓallai biyu a jikin sitiyari, M1 da M2, kana iya ajiye saitin da kake so a kowanne, ɗaya na zuwa ofis, ɗaya na filin tsere.

Tana da aibunta. Sitiyarin ba ya gaya wa hannu abin da tayar gaba ke ji kamar na tsofaffin. Nauyin ma yana bayyana a matsattsiyar kwana, duk da rufin da aka yi da zaren kabon don rage shi. Kuma ba na son ƙarar injin da ake ƙarawa ta lasifika. Sabuwar da ta fito a 2024 mai haɗa fetur da batir ta kai doki 727, amma nauyinta ya haura kilo 2,400, ni dai F90 ta fi kwanta mini.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan, kuma da ƙannena nake, masu sayen tokumbo da tambarin xDrive ko 4MATIC ko quattro a baya, wato alamar ja da taya huɗu ta BMW da Mercedes da Audi. Na sha jin yaro na cewa, "Ai tawa fowil ce, ba ta santsi." Wallahi maganar nan tana tayar mini da hankali. Ja da taya huɗu yana taimaka maka ne wajen tashi da fita daga kwana. Wajen tsayawa babu abin da ya ƙara maka, domin kowace mota dama birkinta a taya huɗu yake, har tsohuwar Golf ta haya. Haɗarin ma ya fi a irin wannan mota, saboda tana ɓoye gudu. Mai jan baya tana yi maka gargaɗi, ta ɗan watsa baya ka shiga taitayinka. Wannan kuwa shiru, ba jijjiga, ba iska, sai ka kalli allo ka ga 180 alhali zuciyarka na ce maka 100 kake yi. A kilomita 200, kowace daƙiƙa kana cin mita 55. In ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa. Motar nan an ƙera ta ne a Dingolfing ta Jamus, ƙasar da wasu sassan manyan titunanta ba su da iyakar gudu, an katange su, babu mai tsallakawa. Namu titin akwai rami, akwai garken shanu, akwai tirela da ta lalace ba fitila, akwai yarinya mai tallan gyaɗa da za ta ruga ta tsallaka. Doka ma kilomita 100 ta yanka wa ƙananan motoci a babbar hanya.

Sai batun taya, inda aka fi yin ganganci. Mutum ya zuba miliyoyi ya sayi mota, sannan ya je ya ɗauko taya 'yar gwanjo guda ɗaya, kamfaninta daban, cinta daban. A motar da ke ja da huɗu wannan illa biyu ce. Kamun kwalta ya raunana, sannan da yake faɗin zagayen tayoyin ya bambanta, akwatin raba ƙarfi zai yi ta aiki yana zaton wata taya na zamewa, har ya ƙone kansa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Mutum nawa ne a cikinmu ke durƙusawa ya duba? Haka fetur, injin turbo irin wannan mai inganci yake so, haka baƙin mai, ba kowane galan na bakin titi ba.

Bara rami ya fasa wa yayana tayar gaba ta dama, mai lamba 275/35 R20. Mai faci ya kawo masa wata ta hannu, ya ce za ta shiga, kuma ba ƙarya ya yi ba, ta shiga. Yaya ya tsuguna ya shafa ta, ya karanta lambar gefen, ya ce a cire. Motar ta yi mako uku a rufe da tampol a gida yana hawa tsohuwar Corolla ta madam, har sababbi huɗu iri ɗaya suka iso daga Legas.